Ryzen 5 5600 a shagon gem: ƙwaya shida da suka kayar da goma sha huɗu

Wannan bayani ne a kan furosesar AMD Ryzen 5 5600, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi, wadda na ɗora a ɗaya daga cikin kwamfutoci biyu da ke shagona na gem a Badariya, nan Birnin Kebbi. Ɗayar kwamfutar tana ɗauke da Intel Xeon E5-2680 v4, irin wadda ake sayarwa ta hannu haɗe da madabod ɗin X99 (faifan da ake ɗora duk kayan kwamfuta a kai) da ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), a farashin da ke sa mutum ya ji kamar tsintuwa ya yi. Katin hoto iri ɗaya na sa wa kowacce, Radeon RX 6600, ram kuma giga 16. Saboda haka duk bambancin da na gani tsakaninsu daga furosesa yake.

A takarda Xeon ce babba. Ƙwayoyin aiki, wato ƙananan sassan furosesa da kowanne ke yin nasa lissafin, 14 gare ta, Ryzen kuwa 6 kacal. Duk matashin da ya shigo ya ji wannan lissafi, kujerar Xeon yake nufa. Amma ba ya daɗewa. Wani yaron maƙwabcina, ɗalibi a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, ya buga EA Sports FC a kanta rabin lokaci ya juyo ya ce, "Kawu, wagga tana sarƙewa in an kai hari, a mai da ni waccan." Shi bai san komai game da furosesa ba, hannunsa ne ya gaya masa.

Abin da ke faruwa shi ne wasa ba ya rarraba aikinsa daidai wa daida. Akwai babban aiki guda da ke lissafin inda ƙwallo take, abin da kowane ɗan wasa zai yi, da umarnin da za a tura wa katin hoto, kuma yawancin wannan a kan ƙwaya ɗaya ko biyu yake hawa. Kamar ranar bugun shinkafa ne a fadama: ko mutum goma sha huɗu ke bugu, in mai riƙe da tiyar awo ɗaya ne kuma yana da nawa, kowa shi zai tsaya jira. Idan kana son hoto 60 a sakan guda, dole a gama lissafin kowane hoto cikin abin da bai kai milisakan 17 ba. In kana neman 144, lokacin ya koma kusan milisakan 7. Da zarar ƙwayar da ke jan gaba ta makara, hoto ya tsaya cak na ƙiftawar ido, ko da sauran suna zaune ba aikin fari ba na baƙi.

Xeon ɗin nan ta 2016 ce, an yi ta ne don manyan kwamfutocin kamfanoni masu hidima wa mutane da yawa lokaci guda. Gudunta na asali 2.4 GHz, tana taɓa 3.3 in ƙwaya ɗaya ko biyu ke aiki. Ryzen 5 5600 ta fito a Afrilun 2022, tana farawa daga 3.5 ta kai 4.4. To amma kada a ɗauka lambar GHz, wato yawan bugun da furosesa ke yi a sakan guda, ita ce kaɗai ta raba gardamar. Ginin Zen 3 da ke cikinta yana gama aiki mai yawa a kowane bugu fiye da tsohon ginin Broadwell na Xeon, don haka ko da za a daidaita gudunsu, ba za su zo ɗaya ba.

Akwai ma abu na uku da masu sayarwa ba sa ambata, wato ƙaramar ma'ajiyar da ke cikin furosesar kanta, wadda ake kira L3. A nan take ajiye bayanan da take yawan buƙata don kada ta riƙa zuwa ram tana dawowa. Ryzen 5 5600 tana da mega 32, kuma duk ƙwayoyin shida suna isa gare ta kai tsaye. Wanda ke shakkar tasirin wannan ya duba Ryzen 7 5800X3D: iyakar gudunta 4.5 GHz, ƙasa da 4.7 na 5800X, ƙwayoyinsu takwas-takwas, amma da yake an ba ta mega 96 sai ta bar 'yar'uwarta a baya a yawancin wasanni. Kuma a kula, akwai 5600G mai kama da suna. Ita tana da nata hoton a ciki, amma ma'ajiyarta mega 16 ce, rabin ta wannan. In kana da katin hoto, marar G ɗin za ka nema.

A shago, inda na fi ganin bambancin shi ne GTA V in an shiga tsakiyar gari da gudu, motoci da mutane sun cika allo, sai kuma Fortnite lokacin da aka taru wuri ɗaya ana gini ana harbi. A kan Ryzen abin yana tafiya sumul. A kan Xeon lambar da ke kusurwar allo, mai nuna yawan hoto a sakan guda, ba ta da muni in ka kalle ta, sai dai tana faɗuwa kwatsam ta sake tashi, kuma wannan faɗuwar ce ke sa yaro ya buga tebur. A eFootball da tsofaffin wasanni kuwa ban ga wani abin a zo a gani ba, duka biyun suna yi.

Sai maganar wuta da zafi, wadda a garin nan ba ƙaramar magana ba ce. An ƙiyasta zafin Ryzen a wat 65, na Xeon a 120. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, kuma shago na kan sola da batir mafi yawan yini, wannan tazara tana bayyana a lokacin da inbata ke fara kuka. Duk da haka fankar Wraith Stealth da ke zuwa cikin kwalin ba ta burge ni ba. Tana aiki, amma a bazara ƙararta tana tashi, da hunturu kuma ƙura tana toshe ta da wuri. Na canza ta da mai tsayi, mai bututun jan ƙarfe. Wanda zai saya ya tambaya tun farko, domin wasu 'yan kasuwa suna kawo furosesar tsirara ba kwali ba fanka.

Aibinta na gaske guda biyu ne. Ba ta da hoto a cikinta, in babu katin hoto ko allon farko ba za ka gani ba. Sannan soket ɗinta, wato gurbin da take zama a kan madabod, AM4 ne, wanda ya fara tun 2016, AMD kuma ta koma AM5 da ram na DDR5 a 2022, don haka hanyar ƙara gaba gajera ce. In madabod ɗinka B450 ce tsohuwa, sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, kafin ta gane furosesar. Ka sa mai shagon ya kunna a gabanka kafin ka biya.

Ba na cewa Xeon shara ce. Ƙanena yana haɗa bidiyon biki da na walima a kanta da daddare, kuma a wannan aikin, da ake raba wa kowace ƙwaya nata kaso, ita da Ryzen kusan kunnen doki suke. Matsalarta ta wani wajen ce: ba ta cikin jerin furosesocin da Microsoft ta amince da su don Windows 11, ga shi an daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ryzen ta hau Windows 11 ba tare da wata dabara ba.

Masu cewa dole sai ƙwaya takwas saboda PlayStation 5 takwas gare ta, su tuna nata ginin Zen 2 ne, iyakarsa 3.5 GHz. Ƙwaya huɗu ta fara ƙanƙanta ga sababbin wasanni, wannan gaskiya ne, kuma mai yaɗa wasansa kai tsaye a YouTube yana bugawa zai ji daɗin takwas. Amma ga mai kuɗi ƙididdigagge da wasa kawai ya sa gaba, ya ɗauki 5600, ragowar kuɗin ya zuba a katin hoto, ya kuma sa ram sanda biyu maimakon ɗaya. Kwamfuta ta uku da nake shirin haɗawa bayan Sallah haka zan yi mata, Xeon kuma ta koma ɗakin ƙanena.