Tseren nauyi ɗaya da tseren handikaf: inda karanta doki ya bambanta

Malam, ka tambaya daga Argungu ko me ya sa dokin da ya ci tseren baya yakan sha kaye a tseren handikaf, wato tseren da ake ɗora wa kowane doki nauyi gwargwadon gwanintarsa, alhali a wasu tserukan shi ake kyautata wa zato. Amsar tana ƙarƙashin sirdi.

A tseren nauyi ɗaya, irin Derby da ake yi a Epsom ta Ingila, dawakin duk 'yan shekara uku ne, kuma abin da wannan ingarma ya ɗauka shi wancan zai ɗauka. A nan tarihin gudu ba ya ɓoye komai: wanda ya tsere wa sa'o'insa jiya, shi ne abin tsoro yau.

Handikaf kuwa an gina shi ne don a rage wa gwani tazara. Jami'in hukumar tsere yana ba kowane doki maki, kuma a Birtaniya maki ɗaya daidai yake da laba ɗaya, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo. Mahayi zai hau sikeli rungume da sirdinsa, idan nauyin bai cika ba sai a zura fallayen dalma a aljihun shimfiɗar sirdi, bayan tsere kuma a sake auna shi. Dokin da ya ci tsere akan ƙara masa maki, nauyinsa kuma ya ƙaru, saboda haka nasara a nan bashi ce, a tsere na gaba ake biyanta. Goɗiyar nan Makybe Diva ta ci kofin Melbourne na Ostareliya, tseren handikaf mai nisan mita 3,200, ɗauke da kilo 51 a 2003, da 55.5 a 2004, sannan da 58 a 2005, kuma ana ambatonta har yau ne domin irinta ba su da yawa.

A ganina, mai son gane dokin da zai yi gaba a handikaf ya daina tambayar wanda ya fi gudu, ya nemi wanda ƙarfinsa ya riga makinsa. Yawanci matashi ne da ke ƙara kyau jami'i bai ankara ba, ko kuma tsohon hannu da makinsa ya sauko ƙasa da inda ya taɓa yin nasara. Daga nan sai a dubi nisa da ƙasa, domin dalmar da doki ba zai damu da ita ba a gajeren zango bisa tsandauri, ita ce za ta cinye masa ƙafa a dogon zango cikin laka. Mu da muka saba da filin sukuwa, inda ido da labarin barga suka fi takarda tasiri, kallon kilisar safe yana gaya mana lafiyar doki, amma ba ya gaya mana abin da za a ɗora masa.

A duba sunan mahayi ma, domin a Birtaniya ana rage wa ɗan koyo laba 7, ko 5, ko 3, gwargwadon yawan tseren da ya ci.