Gargaɗi kan masu sayar da manhajar "gyaran" fayil ɗin FLAC da ya lalace

Salam jama'a. Dan Allah duk mai tara sauti a diskin kwamfuta ya tsaya ya karanta wannan, ni an riga an cuce ni, bana so wani ya faɗa irin ramin da na faɗa.

Ina da fayilolin FLAC masu yawa, wato sautin da aka matse ba tare da rage ingancinsa ba, wasu na kwafo su daga CD ɗina ne, wasu kuma hira ce da na ɗauka da mahaifina kafin Allah ya yi masa rasuwa. Kwanaki sai na ji wasu sun fara tsalle, wasu suna ƙas-ƙas a tsakiya, wasu ma filaya ta ƙi buɗe su kwata-kwata. Hankalina ya tashi wallahi, cikin neman mafita a intanet na haɗu da wani mutum yana tallan manhaja wai tana dawo da duk fayil ɗin da ya lalace kamar sabo, na biya shi, na sa ta aiki, ta gama ta nuna min komai ya gyaru. Na gwada da flac -t, umarnin manhajar flac mai duba lafiyar fayil, kuma babu kuskure ko ɗaya. Sai da na zauna na saurara da kunnena, daidai gurin da Baba ke magana muryar ta yanke, shiru, sannan ta ci gaba.

Ga yaudarar. FLAC yana ɗauke da lambar tantancewa ta asalin sautin, ana ce mata MD5, a farkon fayil, kowane guntu a ciki kuma yana da tasa ƙaramar lambar tantancewa, wato CRC. Aikin waɗannan shi ne su tona cewa wani abu ya canza, ba sa iya dawo da abin da ya ɓata. To abin da manhajar ta yi kawai, ta warware fayil ɗin tana tsallake kurakuran, ta sake ɗaure shi da sabuwar MD5, shi ya sa gwaji ke wucewa lafiya lau alhali ramin yana nan. Wannan aikin, flac ɗin kansa yana yin sa kyauta idan ka sa masa -F. Abin da ya fi ƙona min rai, a kan na asalin ta rubuta, ba ta bar min kwafi ba.

Da na yi masa ƙorafi sai ya turo min "masu kyau" na waƙoƙin. Na buɗe su a Spek, manhajar da ke zana hoton mitar sauti, sautin ya yanke ɗif a wajen 16kHz, wato MP3 ne mai 128kbps aka sa wa rigar FLAC, na CD na gaske yakan kai kusan 22kHz. Daga nan ya toshe ni.

Idan naka sun fara haka, daina rubuta komai a diskin tukuna. Buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar diski ce kuma kyauta ce, duba layin 05 da C5 masu ƙirga guraben diski da suka samu matsala, in lambobin suna hawa diskin ne ke mutuwa. In layin C7 ne ke ƙaruwa yawanci kebul ne, canza shi, wataƙila fayilolinka ƙalau suke. A gwada RAM ma, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, da manhajar MemTest86 don in ta lalace takan ɓata fayil lokacin kwafa. Sai ka kwashe diskin gaba ɗaya zuwa wani da ddrescue, manhajar kwafar diskin da ke lalacewa, duk gwaje-gwajen da za ka yi a kan kwafin za ka yi su. Masu ajiye sauti a fayil ɗin WAV ku fi kowa kula, shi ba shi da irin wannan lambar tantancewa, zai lalace shiru baka sani ba.

Nawa diskin C5 ɗinsa ya riga ya tashi ashe tun tuni. Hirar Baba guda uku na samu a wani tsohon filashi, sauran har yanzu ina tambayar 'yan uwa ko akwai wanda na taɓa tura wa.