Hattara da mai sayar da "tsofaffin" zanen matan Japan a Instagram

Jama'a, ina rubuta wannan ne raina a ɓace. Akwai wani shafi da ke tallar zanen kyawawan matan Japan na zamanin da, wanda suke kira bijin-ga, yana rantsuwa na ainihi ne, wai gadon kakansa ne daga Kyoto. Ni ya ci min dala 400, kuma ba na so wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Tun ina makaranta nake son aikin Kitagawa Utamaro, mai zanen birnin Edo (Tokyo ta yau) da ya rasu a 1806. Da na ga hoton mace riƙe da madubi da sunansa a gefe, sai zumuɗi ya rufe min ido. Farashin kaɗai ya isa ya farkar da ni: a 2016 an sayar da wani aikinsa a Faris sama da Yuro dubu 700. Wa zai ba ka irin wannan a kuɗin waya?

Bayan na biya, sai mai shafin ya ce kaya sun maƙale a kwastam, in ƙara wani abu. Na ƙi. Da sati biyar suka wuce, sai ga ambulan.

Ina juya takardar gabana ya faɗi. Bayanta fari fes, ba ko tabo. Zanen ainihi ba haka yake ba. Ana sassaƙa shi ne a kan katakon ceri, kusan kowane launi da nasa katakon, sannan a ɗora takardar washi da ake yi da ɓawon bishiyar kozo, a murza bayanta da wani ɗan faifai mai suna baren. Wannan murzar ce ke tura launi ya ratsa har baya, kuma sau da yawa za ka ga sawun faifan. In ka shafa gaban a hankali, wani wurin ma za ka ji shatar katakon. Nawa sumul yake kamar kalanda. Na sa gilashin ƙara girma a kan gashin matar, sai ga ɗigo-ɗigon firinta. Ruwan ƙasan da ke gefe kuwa, wanda ya ce tsufa ne, ga dukkan alamu shayi aka shafa, don har shatar burushi na gani.

Wani abin kuma, jan rigarta yana kashe ido. A zamanin Utamaro yawanci daga furen wata shuka ake samun jan da ake kira beni, kuma yana kodewa da shekaru.

Kada a fahimce ni ba daidai ba: sake buga tsohon zane ba laifi ba ne. A Tokyo akwai cibiyar Adachi, masu sassaƙa sabon katako su buga da hannu, kuma ba sa ɓoye cewa sabon bugu ne. Da irinsa na saya da ban yi kuka ba. Ƙaryar ce ta ƙona min rai.

Duk wanda ya yi muku irin wannan talla, ku nemi hoton bayan takardar a cikin haske, da awonta. Babban bugu, wanda ake kira oban, bai wuce kusan santimita 39 da 26 ba. Da na tura wa wanda ya sayar min hoton ɗigon firintar, ko amsa bai ba ni ba, ya toshe ni. Jiya wata ƙawata ta ga hotunan nan dai a wani sabon shafi, wannan karon wai kakan daga Osaka yake.