Tankin ruwan sama ko injin tace ruwan teku?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda rijiyar tsibirinku ta koma zartsi har kana tunanin tanki ko inji, to tanki za ka saya, kuma babba.

Nawa na roba ne baƙi, mai lita 5,000, yana zaune a gindin indararo. Lokacin da sama ta ɗauke mana ƙafa, rijiyoyi duk suka yi gishiri, shi ya rufa mana asiri da mu da maƙwabta. Wata dattijuwa da ta zo da jarkarta ta wanke hannu a bakin famfon, sai ta tsaya tana kallon kumfa tana dariya, wai rabonta da ganin sabulu ya kama haka har ta manta. Ba ya cin wuta, ba ya ƙara, ba ya neman makanike.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Duk milimita 1 na ruwan da ya sauka kan murabba'in mita 1 na rufi, lita 1 ke nan. Rufi mai murabba'in mita 60, in aka yi ruwan milimita 25, ya kama lita 1,500. Cire kamar kashi ɗaya cikin biyar na wanda ya fantsale ko ya yoye, ka tsira da 1,200 a dare guda. Rijiya kuwa kada ka sa mata rai, domin ruwan daɗin ƙaramin tsibiri ɗan siriri ne, yana yawo a kan na teku a ƙarƙashin ƙasa. Da an matsa masa da ja, ko fari ya tsananta, na gishiri ya tasa kai sama. Shi ya sa a tsibirin Bamuda, inda babu kogi ko ɗaya, doka ce kowane gida ya tara ruwan rufinsa a tanki. A tsibiran Maldives ma, bayan tsunamin 2004 ya cika rijiyoyi da gishiri, tankunan roba masu lita 2,500 aka rarraba wa gidaje.

Injin kuma, ina da shi, ga shi can lulluɓe da buhu. Ruwansa garau ne, ban ƙi ba, amma shan wutarsa da kuɗin canjin matatarsa sun ishe ni. Ranarsa ita ce ranar fari mai tsanani, irin na 2011 a tsibiran Tuvalu, da tankuna suka ƙafe har aka kafa dokar ta-ɓaci, Niyu Zilan ta kai musu injuna a jirgin saman soja. Ka ga wannan kayan gwamnati ne ko na gari guda, ba na magidanci ba. Naka maganin farin shi ne tanki na biyu in hali ya samu.

Ruwan farko kada ya shiga cikin tankin, domin shi ke wanko ƙura da kashin tsuntsaye. Ka sa ɗan bututun da zai kauce da shi. Ka rufe kowace kafa da raga saboda sauro, ruwan sha kuma a tafasa.

Sai dai ka buɗe ido wurin masu sayarwa. Akwai masu wanke tankin da aka taɓa zuba sinadari su ce sabo ne, akwai masu rubuta 5,000 a jikin wanda bai kai ba. Buɗe murfin ka shinshina. Sannan ka leƙa ciki da rana tsaka: in haske yana ratso jikinsa, bar musu kayansu, gansakuka zai haifa maka. Mai inji kuwa zai lissafa maka litocin da yake bayarwa a yini, sai ka tambaye shi ina ake samun matatar, ka ga yadda zai fara kame-kame.