Kwana huɗu a Gashaka: sharhin wani kafinta

Shekara ashirin da 'yan kai ina sana'ar kafinta a Kano. Katakon madobiya ya bi ta hannuna ba adadi, na san nauyinsa, na san yadda yake cinye haƙorin zarto, na san jan garin da yake bari a hanci. Amma ban taɓa ganin bishiyar tsaye da ranta ba sai watan Janairun da ya wuce, da ƙanin matata ya ja ni zuwa Gashaka a jihar Taraba. Shi can ya yi hidimar ƙasa, kuma tun da ya dawo bai bar mu mun huta da labarin wurin ba. Na ce to, gani ya kori ji.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa. A Jalingo muka yi shatar mota, direban ya rantse mana cewa motarsa ta saba da hanyar kamar gidansu. Ba mu kai Garba Chede ba taya ta yi faci, safayar da ya fito da ita kuma ta fi wadda ta fashe tsufa. Da muka isa Bali sai ya kashe mota, ya ce man da muka yi ciniki a kai ba zai kai Serti ba, sai an ƙara. Mun riga mun ba shi fiye da rabin kuɗin, rana ta yi tsaka, ba yadda muka iya. Daga baya na gane asarar banza muka yi. Motocin haya masu hawa Mambila zuwa Gembu ta Serti suke bi, ka biya kuɗin kujera a tasha ka sauka a hanya. Shata ba ta ƙara maka komai sai girman kai, tun da daga Serti ɗin ma dole ka canza abin hawa.

Masaukin da muka kwana a Serti ba zan yabe shi ba, ba kuma zan tsine masa ba. Gado mai tsabta, gidan sauro mai ƙofofi biyu da ba masaƙi ne ya yi su ba, ruwa a bokiti, janareto ya yi awa biyu ya yi shiru. Wanda ya zo neman otal irin na Abuja ya yi ɓatan hanya tun daga gida.

Da safe muka je ofishin gandun dajin. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ɓangaren kudu a Taraba, na arewa a Adamawa, kuma a 1991 aka mai da shi gandun ƙasa. Ba a shiga haka kawai. Ka rubuta suna, ka biya kuɗin shiga, a ba ka rasit, a haɗa ka da ma'aikacin daji, wanda kowa a can yake kira renja. A nan ne na ga aiki a tsare, ba jan rai, ba "ka dawo gobe". Ban da renja, ƙanin matata ya nemo mana wani dattijo ɗan ƙauyen da ya sani tun zamansa, ya zama ɗan jagoranmu. Duk kuɗin da na kashe a tafiyar nan, wanda na ba dattijon nan ne kaɗai na ji kunyar ƙanƙantarsa.

A kan babur muka shiga. Hanyar jar ƙasa ce, hawa da gangara, har muka iso kogin Kam, wanda 'yan wurin suke cewa Mayo Kam, don mayo shi ne kogi da Fulatanci. Rani ne, ruwan ya ja baya, muka naɗe wando muka tsallaka da ƙafa, masu babur suka tura nasu. Ruwan garai-garai, kana ganin tsakuwar ƙasa, ga sanyi kamar na randa. Da damina, in ji su, wannan wurin sai kwalekwale, wani lokacin ma ƙauyen yakan yanke da duniya.

Bayan kogin ne tsando ya yi mana maraba. Ni da na sa baƙar riga da shuɗin wando don kada datti ya nuna, ashe na yi musu shigar biki. Dattijon ya dube ni ya girgiza kai.

"Malam, wa ya ba ka shawarar kayan nan?"

"Ba kowa, Baba."

"Ai na gani. Tsando ba abin da yake so kamar baƙi da shuɗi. In kana da mai ruwan ƙasa a jaka, canza tun yanzu."

Cizonsa kamar an soka maka allura mai zafi, kuma yana ratsa yadi. Ku riƙe wannan: kaya masu haske, masu kauri, dogon hannu.

Ƙauyen Gashaka kansa ƙarami ne, har za ka yi mamakin a ce daga nan ƙaramar hukuma da masarauta da gandun dajin duk suka samo suna. Ɗakunan ƙasa, wasu da jinka wasu da kwano, manyan mangwarori, masallaci, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, hazo ya lulluɓe kawunansu. Kafin mu ajiye jaka dattijon ya ce sai mun je gaisuwa wurin mai gari. Muka cire takalmi, muka durƙusa, aka yi "ranka ya daɗe", aka tambaye mu hanya da mutanen Kano. Da Hausa aka yi duk maganar, ko da yake tsakaninsu Fulatanci ya fi yawo, akwai kuma harsunan da ban taɓa ji ba. Goron da na saya a tashar Jalingo ba tare da wata niyya ba, shi ya fitar da ni kunya.

Babu sabis ɗin waya. Daren farko na yi ta laluben aljihu kamar mai ƙaiƙayi, a dare na biyu na manta inda na ajiye ta. Abinci kuwa abin da gidan da suka karɓi baƙuncinmu suka ci shi muka ci: tuwon masara da miyar karkashi, ran nan kuma kifin kogi da aka gasa da gishiri da barkono kawai. Da safe koko da zuma. Zumar nan baƙa ce, mai ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, ba irin ruwan sukarin da ake tallarsa a kwalba a bakin titi ba. Wanda ba ya iya kwana sai da shayi da madara ya taho da kayansa daga Serti, don shagon ƙauyen bai wuce sabulu da ashana da magi ba. Sanyin asuba kuma ba wasa, ni da na taho da tunanin Taraba zafi ce, da bargon aro na kwana.

Washegari muka hau wani tudu kusa da ƙauyen, inda kangon sansanin Jamusawa yake. Ragowar bangon duwatsu ne, saiwoyi sun shiga tsakaninsu sun tsattsage su. In ba a gaya maka ba za ka wuce. Amma a nan na fahimci abin da aka koya mana a makaranta ban riƙe ba: yankin nan ba ya cikin Najeriyar farko. Ƙasar Kamaru ce ta Jamus, bayan yaƙin duniya na ɗaya Ingila ta karɓi riƙonsa, sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Najeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. Daga saman tudun dattijon ya nuna mana kudu maso gabas da sandarsa, ya ce can bayan waɗancan duwatsu Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Hawansa tafiyar kwanaki ce da 'yan dako. Na dubi cikina, na dubi takalmina, na ce Allah Ya ba masu rabo.

Rana ta uku ita ce tafiyar Kwano, inda masu binciken birai suke da sansani. Awa uku da wani abu muka yi a ƙafa, kuma wannan tafiyar ita ce Gashaka a wurina. Kana cikin daji mai sarari, doka da maje da kawo, ciyawa ta bushe, wani wurin an ƙone ta, sai hanya ta gangara rafi, nan take ka shiga kurmi mai duhu da sanyi, itatuwa sun haɗe kai sama, igiyoyi na reto, ƙasa da danshi a tsakiyar rani. Ka haura, ka koma sarari da rana. Haka ake yi ta yi, kamar ana buɗe maka ƙofa ana rufewa. Mun ga gwaggon biri garke guda, ko a jikinsu. Mun ga biri mai roro, baƙi da farin gashi a kafaɗa kamar ya yafa alkyabba, yana tsalle can ƙololuwa. Gadu ya gifta da wutsiya a tsaye. Mazo kuwa ƙurarsa kawai na gani.

Wanda kowa yake zuwa nema, wato biri mai ganga, ba mu gan shi ba. Haka suke kiran chimpanzee a nan, saboda yana dukan faffaɗan gindin bishiya da hannu da ƙafa, ƙarar ta ratsa kurmi. Dattijon ya faɗa mana gaskiya tun a gida cewa ganinsu sai an dace, bai yi mana alkawarin ƙarya don a ƙara masa kuɗi ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna mana sheƙarsu, rassa da aka lanƙwasa aka saƙa can sama, don kullum da yamma sabon gado suke yi. Ya tsuguna bakin wani rami ya ɗauko 'yan sanduna da aka zage wa ganye, ya ce da waɗannan suke zaƙulo kwarkwasa da zuma. Na juya sandar a hannuna da idon mai sana'a: an zaɓe ta, an gyara ta, an yi ta daidai aikinta. Muna hutawa bakin rafi sai muka ji dum-dum-dum daga nesa, da wani ihu a bayansa. Renja ya ɗaga yatsa. Babu wanda ya yi magana har ƙarar ta mutu.

A hanyar dawowa ne na ga wata bishiya a gefen tudu, babu ganye ko ɗaya, amma ta cika da fure rawaya tun daga ƙasan rassa har sama, ƙudan zuma na ta kuka a cikinta. Na tambaya.

"Kai da ka ce kafinta ne?" in ji dattijon. "Madobiya ke nan. Madrid ɗinku."

Madrid shi ne sunan da masu sara da fataucin katako suke kiran madobiya. Na tsaya kamar an dasa ni. Ɓawonta baƙi ne mai kaushi, ya fasa shi kaɗan da wuƙa, wani jan ruwa ya fito kamar jini. Ya ce makiyaya suna sassabe ganyenta su ba shanu idan ciyawa ta ƙare. Sannan ya ba ni labarin shekarun da 'yan madrid suka cika Taraba, wajen 2014 zuwa 2017, lokacin da ake loda gungume a tirela ana kai wa tashar jiragen ruwa ta Legas, daga can sai ƙasar Sin. Samari suka bar gona suka kama injin yanka, kuɗi ya shigo ƙauyuka, aka sayi babura, aka yi aure. A 2017 aka sa itacen cikin jerin waɗanda aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, amma kafin nan dazuzzukan da ke wajen gandun sun riga sun sha sara. Sai a lokacin na gane kututturan da na riƙa gani a gefen hanya tun daga Bali.

"Mu ba ta jirgin ruwa muke saye ba, Baba," na ce, ina neman mafita.

"Na sani, Malam. Zarto dai ba ya tambaya."

Bai faɗa da faɗa ba, dariya ma ya yi. Na ɗauki hoton bishiyar, hoton bai yi kyau ba, hazo ya cinye launin.

To, wa zan ce ya je? Wanda yake son ya zauna a mota a nuna masa namun daji, ya yi wanka a ruwan ɗumi ya koma ɗaki mai sanyi, Yankari ta fi masa, ga Wikki nan. Gashaka ta mai ƙafa ce. Ko tafkin dorinar da muka biya a rana ta ƙarshe, awa guda muka yi zaune kafin wasu kunnuwa biyu da hanci suka ɓullo suka sake nutsewa, sai wani kada da ke shanya baki a kan yashi. Ban ga wurin ya dace da ƙananan yara ko mai ciwon gwiwa ba, kuma mai shan magani kullum ya taho da isasshe, don asibiti sai Serti. A je tsakanin Disamba da Maris, a taho da tsabar kuɗi, da tocila, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi. Nawa sabo ne, na dawo da kanta uku. A kuma tambayi halin tsaron hanya daga mutanen Serti kafin a taso, ba daga masu labarin shayi a Kano ba.

Kuɗin jagora kada a yi masa cinikin kasuwar Kwari. Ni na yi, da bakin ɗan birni, ya karɓa bai ce uffan ba. Sai da muka tsallaka Mayo Kam a dawowa na kira shi gefe na ƙara masa, ya ƙi, na matsa, ya karɓa ya ce zai sayi batir ɗin rediyo. Ya ciro wasu 'ya'yan madobiya busassu daga aljihu, masu fukafuki zagaye da ƙaya a tsakiya, waɗanda ya ajiye tun bara, ya zuba mini a hannu. Ya ce in jiƙa su kwana ɗaya kafin in shuka, in kuma kare su daga awaki. Guda bakwai na shuka a gwangwanayen fenti a bayan shago. Biyu sun fito.