Red Dead Redemption 2: wasan kaboyi da ke hukunta mai gaggawa

Wata huɗu ke nan da wani ƙanena ya kawo faifan Red Dead Redemption 2 gidanmu a unguwar Hindawiyya da ke Jidda, kuma tun daga lokacin da wuya daren Juma'a ya wuce ba mu zauna a gaban na'urar PlayStation 4 ba, mu huɗu, muna karɓa-karɓa da hannun wasa guda ɗaya. Kamfanin Rockstar Games ne ya fitar da wasan a watan Oktoba na 2018, labarinsa kuma yana faruwa ne a Amurka ta shekarar 1899, inda mai wasa yake riƙe da Arthur Morgan, ɗaya daga cikin 'yan fashin da Dutch van der Linde ke jagoranta. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan kaboyi zai ga dawaki da jiragen ƙasa da ƙurar da ya sani, amma abin da na zo faɗa ya shafi wuraren da wasan ke kayar da mutum ne, domin a nan ake gane ko ya cancanci kuɗinsa.

Wasan ba shi da zaɓin sauƙi ko wahala. Jikin Arthur kuma yana da nauyi, yana juyawa a hankali kamar wanda ya ɗauko buhun shinkafa, don haka yaran da suka saba da wasannin harbi masu sauri su ne suka fi shan ƙasa a cikinmu. Na lura cewa yawancin faɗan da ke gagarar mutane tun kafin a fara harbi ake rasa shi. Arthur yana da ma'aunai uku, na lafiya da na ƙarfin jiki da na Dead Eye, wato baiwar da ke rage gudun lokaci har mutum ya zaɓi inda harsashi zai sauka, kuma kowane ma'auni yana da cibiya da ke raguwa idan ba a ci abinci ko an yi barci ba. Wanda ya shiga babban faɗa da cibiya ja, jininsa ba zai dawo da wuri ba ko da ya ɓuya. Maganin abin yana bakin wuta: naman manyan dabbobi irin su kada da kerkeci, idan aka gasa shi da na'a-na'a yana mayar da cibiyar lafiya ruwan zinare, wato ta cika ta daina raguwa na ɗan lokaci, idan kuma da za'atar aka gasa, ta Dead Eye ce ke amfana. Babban yayanmu ya ce bai taɓa zaton zai ga ranar da za a yi masa nasiha da cin kerkeci ba, amma shi ma ya bi layi.

Akwai kuma batun bindiga, wanda a nan ne nake da ƙorafi na gaske. Dogayen bindigogi a jikin sirdi suke zama, kuma sau da dama wasan yakan sauke mutum daga doki ya tura shi cikin faɗa da ƙaramar bindiga kawai, ko ya canja masa wadda ya zaɓa. Ya zama dole a duba makamai kafin a bar wurin doki. Ni bindigar Lancaster nake ɗauka, wadda ake samu a babi na biyu, tare da doguwa ɗaya ta harbin nesa, kuma ina goge su da man bindiga, domin wadda ta yi datti ƙarfinta raguwa yake yi.

Fashin bankin Saint Denis, a ƙarshen babi na huɗu, shi ne ya fi cin mana dare. Jami'an Pinkerton, masu binciken da ke farautar 'yan fashin, suna kewaye bankin, sai a fasa bango da nakiya a hau rufin gini, inda harsashi ke zuwa daga titi da tagogi da barandar gidajen da ke fuskantar mutum. Kuskurenmu na farko shi ne tsayawa a fili muna neman kashe kowa. Abin da ya fisshe mu shi ne mannewa da katanga, a ɗago kai a yi harbi ɗaya ko biyu a koma, tare da sakin maɓallin saiti a sake danna shi, domin duk lokacin da aka yi haka saitin yakan kama ƙirjin abokin gaba mafi kusa, ɗan turin sandar hannun wasa zuwa sama kuma ya kai shi kan kai. Dead Eye kuwa ajiyarsa ake yi don mai babbar bindiga mai aman wuta, ba a ɓarnatar da shi a kan wanda ke gudu a titi ba. Babin tsibirin Guarma da ke biye, inda aka raba Arthur da dokinsa da makamansa, shi ne mafi rauni a wasan a ganina, harbi ne kawai ba numfashi, kuma na yi murna da ya ƙare da wuri.

Faɗan ƙarshe a dutsen Hagen, inda mai wasa yake riƙe da John Marston, abokin fashin Arthur, a shekarar 1907, yana buɗewa ne da maharbin nesa da ke saman dutse. Ana jira ya yi harbi, sannan a ruga zuwa dutse na gaba, har a matso inda za a iya samunsa. Daga nan hawa ne cikin ƙanƙara da mutanen Micah, tsohon abokin fashinsu da ya zama abokin gaba, ta kowace kusurwa, kuma wanda bai cika jakarsa da magunguna ba zai maimaita wurin har ya gaji. Idan an faɗi sau uku wasan yana ba da damar tsallake wurin, abin da muka haramta wa junanmu saboda gori. Masu neman lambar zinare, wadda wasan ke ba wanda ya cika dukkan sharuɗɗan aiki, kuwa su sani cewa sake buga aikin da aka gama ba ya zuwa da makaman da mutum ya tara, don haka ya fi na farko wuya.

Wasan ba shi da fassarar Larabci a hukumance, kuma Turancinsa na kudancin ƙasar Amurka ne mai tauri, wanda ya sa matasanmu da aka haifa a nan Jidda ko a Shari'a Mansur a Makka suke rasa rabin umarnin da ake ba su a tsakiyar faɗa, sai an kunna rubutun ƙasan allo an samu mai fassara a gefe. Yana cin wuri kusan gigabait 100. Na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, akwai giya da caca da kisa a cikinsa, ba zan bar shi a hannun yaro ba. Ga babba mai haƙurin tafiyar minti goma a kan doki kafin a harba harsashi ɗaya, na ba shi tara cikin goma, ɗayan da na cire kuwa Guarma da batun sirdi ne suka cinye shi.