Mashin mai caji a damunar Kano, ruwan sama bai dame shi ba amma ruwan ƙasa sai a hankali

Jama'a masu ta tambayata wai ya mashin ɗin nan mai caji yake yi da ruwan sama, to yanzu dai ya ga damuna guda cur, tun daga yayyafin Yuni har markar Agusta, don haka zan iya magana. Nawa irin ɗan China ɗin nan ne mai kama da roba-roba, injinsa a cikin cibiyar tayar baya yake, batir kuma 60V 20Ah, wato batura biyar masu 12V a jere a ƙarƙashin inda kake ɗora ƙafa. Ku riƙe maganar inda batir ɗin yake don zan dawo kanta. Ba don haya na saya ba, dama tun 2013 aka hana acaɓa a Kano, na zuwa kasuwa ne kawai daga Ɗorayi zuwa Kwari da dawowa, kuma kowa ya san abin da ya kora mu wajensa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 ma har ta wuce 1000.

Ruwan da ke saukowa daga sama gaskiya ba ya masa komai. Na sha tahowa ta titin BUK ana tsuga ruwa, ni na jiƙe sharkaf har hular kaina amma shi ko a jikinsa, ba fulogi balle ya jiƙe, ba kafireto balle ruwa ya shiga, ba salansa, sai kaga masu mashin ɗin mai sun tsaya a gefen titi suna ta buga kik suna goge fulogi da bakin riga kai kuma ka wuce su shiru abinka. Wannan ɓangaren kam na ba shi maki. Robobin jikinsa ma suna tare maka feshin taya fiye da na mai, ƙafarka tana kan faranti a rufe, wandonka ba ya yin dabbare-dabbaren taɓo sosai, sai dai madigadin baya gajere ne, in ka ɗauko mutum to bayan rigarsa ya shiga uku.

Matsalar ita ce ruwan da ke kwance. Kuma Kano ai ba sai an faɗa ba, in aka yi ruwa mai ƙarfi na awa ɗaya kwatoci sun cika da leda da robar lemo, ruwa ya hau titi, lungunan unguwa su koma kududdufi, ƙasan gadoji ya taru, mu 'yan Kwari ma ba mu manta ambaliyar 2022 ba da ta shiga shaguna ta jiƙa atamfofi da shaddoji. To shi wannan mashin duk abin da yake da tsada a jikinsa a ƙasa yake. Batir a ƙasan ƙafarka, kwantirola, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, a ƙarƙashin kujera da tarin wayoyi, inji a tsakiyar taya, kuma wayar da ke kai masa wuta ta cikin ƙarfen tsakiyar tayar take shiga, in ruwa ya kai wajen to ta nan yake silalewa ciki. Abin haushin ba ranar zai nuna maka ba, zaka fito daga ruwan lafiya lau kana murna, sai bayan sati biyu uku ka fara jin tayar baya tana gurnani ko tana fizga in zaka tashi, lokacin maganaɗisun ciki sun fara tsatsa, ƙananan sensa ɗin da ke ciki sun sha ruwa. Haka ta faru da wani maƙocina da ya kutsa ruwa har gwiwa a wata gadar ƙasa don yaga adaidaita ta wuce, da aka buɗe injin ruwa ne ja-ja ya zubo. Ni dokar da nake bi ita ce in ruwa zai kai tsakiyar taya ba na shiga, in tsaya in kalli tayar adaidaitar da ke gabana in ga iya inda ya kai mata, in ya yi yawa in juya in zaga ko da ta nesa ce, cajin da zan ƙona bai kai kuɗin inji ba.

Mai shagon da na saya a wajensa cewa ya yi "Alhaji wannan ko a kogi ka shiga da shi ba abin da zai same shi", to wannan zancen 'yan kasuwa ne, nima ɗan kasuwa ne na san yaren. Abin da ya kamata mutum ya duba shi ne lambar IP, wato ma'aunin yadda abu ke jure ƙura da ruwa, in an rubuta a takarda ko a jikin inji. IPX4 na nufin yana jure fantsamar ruwa ne kawai, IP65 ƙura ba ta shiga kuma yana jure feshi, sai IP67 ne aka gwada a nutse cikin ruwa mita 1 na minti 30, shi ma ruwa mai tsafta a tsaye, ba ruwan kwata mai yashi yana gudu ba. Nawa ba a rubuta komai ba ko'ina, don haka na ɗauke shi a matsayin mai jure yayyafi kawai. Saboda haka ma ba na bari yaran wajen wanki su sa masa injin feshin nan mai ƙarfi, bokiti da tsumma ya ishe shi.

Abu ɗaya da ya taɓa yi min a ruwa, na kunna mita ta kawo fitila ta kawo amma na murɗa totur shiru. Ashe akwai ɗan makunni a hannun birki da yake yanke wutar inji duk lokacin da ka matsa birki, in ya sha ruwa sai ya maƙale mashin ya ɗauka kana kan birki ne. Wani yaro mai gyara ya zare wayar ya busar ya mayar, ya ce oga ai wannan kullum sai an kawo mana irinta da damuna, ya bi sauran mahaɗan wayoyin ya naɗe da salatef ya shafa musu giris, tun daga nan bai sake ba. Da kamfanin ya yi wannan tun farko ai da ya kyauta, aikin da bai fi minti 20 ba.

Sai santsi. Mashin mai caji yana ba da ƙarfinsa ne gaba ɗaya daga murɗawar farko, ba kamar na mai da yake ɗauka a hankali ba, kuma nauyin inji a baya yake, to a kan jar laka irin ta lungunanmu da ba kwalta ko kan intalok mai gansakuka in ka murɗa da ƙarfi baya zata wulwula ta yi gefe da kai. A lamba ɗaya, wato mafi ƙarancin gudunsa, nake barinsa duk ranar ruwa. Tayoyin da ya zo da su ma ƙanana ne kuma zanensu ba zurfi, ƙaramar taya kuwa in ta faɗa ramin da ruwa ya ɓoye sai ka ji har ƙugunka. Birkin gaba mai faranti yana kamawa da kyau ko a jiƙe, na baya mai ganga ne, in ya sha ruwa sai ka ɗan matsa shi kana tafiya ya bushe kafin ya dawo hayyacinsa. Ga shi ba ƙara, mutum ya lulluɓe kai da buhu yana gudun ruwa ba zai ji tahowarka ba, hon ɗin kuma kamar kukan ɗan tsako, shi na fara canjawa.

Caji kuma wani babi ne. Lissafin mai daɗi ne, 60V sau 20Ah na batir ɗin ya ba ka 1200, wato wajen yunit 1.2 na wuta, ka ƙara ɗan abin da caja take ɓatawa, kuɗin bai kai na rabin litar mai ba kuma ya kai ni kasuwa ya dawo da ni da saura. Amma yana son awa 6 zuwa 8 a jone, mu kuwa a unguwarmu da hadari ya haɗo iska ta taso shikenan an ɗauke wuta, wani lokaci sai washegari, masu sola ma ranar da gari ya wuni a lumshe batirinsu na fanka da fitila ne ba na mashin ba. Sai na koma tafiya da cajar a cikin leda ina jonawa a kasuwa. Kuma kar ka dawo a jiƙe ka jona nan take, ka goge ramin cajin ka bar shi ya sha iska, cajar kanta ba ta son ko ɗigo, a ƙarƙashin rumfa ake jona ta ba tsakar gida ba, in ana tsawa ma gara ka zare. Irin batirina mai dalma kuma ba ya son a bar shi ya kwana biyu a fanko, haka yake mutuwa da wuri, inaga in ya gaji na litiyom zan saka wanda ake cirewa a shiga da shi ɗaki.

Wanda hanyarsa kwalta ce kuma yana da inda zai ajiye a rufe, ya saya, ni ban yi da na sani ba. Wanda kuma ƙofar gidansa ke zama tafki duk Agusta to ya yi tunani. Kuma dan Allah kafin ka biya ka sa a buɗe maka faranti kaga akwatin batir ɗin ko yana da roba a bakin murfi, ka tambayi inda ake samun kwantirola da inji in sun lalace don masu gyaransa har yanzu ba su da yawa a gari, sannan ka sa ya rubuta maka a rasit ko garantin ya haɗa da shigar ruwa. Nawa da na tambaya dariya kawai ya yi ya ce wannan kuma tsakaninka da Allah ne Alhaji.